Na Saya, Na Gwada, Uwargida Ta Yarda

Jawabin Malam Nasrullah mai gyaran talabijin, ranar sadakar arba'in ta Alhaji Wadud Sidiku, a Zangon Yendi.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ya ba da aron rai kuma ya karɓi abinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da iyalan gidansa da sahabbansa.

Sarkin Zangon Yendi, Allah ya ƙara maka lafiya. Wakilan sarakunan Zango na Salaga da Bawku, sannunku da hanya. Babban Limami da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dattawan Dagomba maƙwabtanmu, Magajiya da matan unguwa, da tsofaffin ma'aikatan gidan talabijin da suka taso daga Tamale tun da sassafe. Hajiya Asiatu, uwargidan marigayi. Nazif da Zuleha, 'ya'yansa kuma 'ya'yana. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ban san dalilin da ya sa aka zaɓe ni ba. Shekara hamsin da wani abu muna tare da Alhaji Wadud, shi ke magana ni ina ɗaure waya. Da yana nan, da ya ce a karɓe lasifikar nan daga hannuna kafin in kwance ta in duba cikinta. To amma ba ya nan, kuma akwai saƙon da ya bar mini, don haka ku yi haƙuri da muryata.

Ga yaran da ba su sani ba, tsohon nan da kuka saba gani a bencin shagona, kuna ce masa Baba Talla, ba a banza ya sami sunan ba. Tare muka tashi a Salaga, rijiya ɗaya muka sha. Shi ɗan kamasho ne a tasha, yana kiran fasinjan Tamale. Idan ya buɗe baki, har wanda ya fito sayen doya sai ya ji kamar yana da abin yi a Tamale. Wata rana wani mutumin kamfanin talla da motarsa ta lalace ya zauna ya saurare shi na tsawon wuni guda, ya ji yana juya magana daga Hausa zuwa Gonjanci zuwa Dagbanci ba tuntuɓe. Kafin wata ya ƙare an kira shi Ankara, babban birni, an sa masa babbar riga, an tsayar da shi gaban kyamara.

Ku tuna yadda muke a lokacin. Akwatin talabijin ɗaya ne a unguwa, baƙi da fari, batirin mota ke jansa. Da la'asar sakaliya sai a fito da shi ƙofar gida a ɗora kan tebur, a shimfiɗa tabarmi, ni kuma in hau rufi in yi ta juya eriya ana yi mini ihu daga ƙasa, ya yi, bai yi ba, koma baya kaɗan. Talla a wancan zamani ba ta fi a ƙirga da yatsu ba, kuma guda ɗaya sai ta shekara uku ana nuna ta. Ba mu ɗauke ta abin da ke katse shiri ba. Ita ma shiri ce. Yara sun haddace, mata suna rerawa a bakin turmi. Ranar da fuskar Wadud ta fara fitowa, Salaga ta yi tsit, sannan ta ɓarke. Bayan mun dawo Yendi da zama, na ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu da idona, duk sanda ya yi gaisuwa a cikin akwati sai ta ɗan rusuna ta ce "Naa." Jikokinta suna dariya, ta ce musu, "Mutum yana gaida ni, ni zan yi shiru?"

Ya kasance mai murya, wannan kowa ya sani. Amma masu murya suna da yawa. Abin da ya raba shi da su wata al'ada ce da ya ɗora wa kansa, ba wanda ya sa shi.

Ya kasance ba ya tallar abin da bai saya ba. Idan kamfani ya aiko masa da kwali na kyauta, sai ya raba wa maƙwabta. Ya ce wanda ake aiko wa mai talla, zaɓaɓɓe ne. Sai ya shiga kasuwa da ƙafarsa, ya sayi irin wanda talaka zai saya, ya kawo gida ya miƙa wa Hajiya. Sati uku cur ana amfani da shi. Sabulu ne, dunƙulen miya ne, batirin tocila ne, tayar keke ce, sati uku. Idan Hajiya ta gyaɗa kai, sai ya hau mota ya je a ɗauka. Shi ya sa kowace talla tasa take ƙarewa da kalmomin nan da na ga leɓunanku sun fara motsi tun ban faɗa ba: na saya, na gwada, uwargida ta yarda. Mutane sun ɗauka salon magana ne. Hajiya, ke kin san ba salo ba ne, don ke kika sha wankin.

Ya kasance mai taurin kai, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Akwai shekarar da wani kamfani, wanda ba zan kama sunansa ba, ya kawo atamfa. An riga an kira masu kyamara, an sa rana. Hajiya ta jiƙa atamfar a baho, ruwa ya koma kamar zoɓo. Wadud ya ɗura ruwan a kwalba, ya toshe da totuwar masara, ya shiga motar Tamale da ita a hannu. Ya ajiye ta a kan teburin manaja, ya ce ga rahoton uwargida. Shekara huɗu ba su sake kiransa ba, wasu kamfanoni ma suka ja baya, har ya koma taya ni riƙe waya a shago, aikin da bai taɓa iyawa ba. Na yi masa faɗa, na ce mutum da iyali ba ya wasa da abincinsa. Ya ce tsohuwar nan mai cewa "Naa" ta yarda da shi, da wane ido zai gaishe ta gobe?

Ya kasance namu. Lokacin rigakafin yara, muryarsa ce ta zaga ƙauyuka a kan mota, kuma bai karɓi ko kwabo ba. Amma ko a nan sai da ya fara kai Nazif da Zuleha aka yi musu a gaban jama'a. Lokacin da hankali ya tashi a garuruwanmu, kun san lokutan da nake nufi, shi aka nema ya yi kiran zaman lafiya da harsuna uku, domin shi ne mutumin da kowane ɓangare ya san bai taɓa sayar musu da ƙarya ba.

Sannan zamani ya juya. Akwati ya yi kala, tashoshi suka yi yawa, kowane ɗaki da nasa. Aka fara tallar magani ɗaya mai warkar da cuta arba'in. Aka daina jiran sati uku, aka koma yau a kawo gobe a nuna. Daga baya talla ta baro akwati ta shige waya, tana bin mutum har banɗaki, shi kuma yana ture ta da babban yatsa kafin ta gama sallama. Yanzu ma an ce na'ura ke yin muryar. Ba na zagin zamani, don ni ma jikata ce ke saya mini maganin ciwon gwiwa ta waya, kuma yana zuwa. Amma zan faɗi gaskiya, muna kewar lokacin da talla take da fuska, kuma mun san gidan mai fuskar. Wadud ya ji ciwon wannan. Yakan zauna a bencina yana kallon masu babura suna wucewa, kowa kai a sunkuye kan waya.

Zuleha, 'yata, yanzu zan zo kanki. Ki yafe mini, abin da zan taɓa babu wanda bai sani ba a nan.

Ita ce ta gaji muryar. Bayan ta yi aure a Bawku ta fara talla a waya, ta sa wa shafinta suna 'Yar Baba Talla, dubban mata suna bin ta. Shekara uku da suka wuce aka kawo mata wani man shafawa, ta tallata shi a ranar, kamar yadda kowa ke yi yanzu. Man ya ƙona fatar mata da dama. A wajen wani biki a Salaga, wata baiwar Allah ta janye mayafi ta nuna wa Wadud wuyanta, ta ce saboda sunansa ta saya. A tsakiyar taro ya kira Zuleha ya tambaye ta ko ta shafa man a jikinta kafin ta tallata. Ta ce a'a. Ya ce, "To ki cire sunana."

Ta cire a daren. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ta bi matan nan gida gida tana ba su haƙuri, daga Bawku har Garu. Ta bar talla shekara guda. Ta je wajen tsofaffin mata ta koyi dafa sabulun kaɗe, ta fara yin nata da hannunta, tana sayarwa da sunanta kawai. Tana zuwa gida, tana durƙusawa ta gaida mahaifinta, yana amsawa, yana tambayar yara. Amma maganar sana'a ba ta sake haɗa su ba. Ranar jana'iza ta riƙe hannuna ta ce, "Baba Nasrullah, ya tafi bai mayar mini ba." Na san abin da take nufi, kuma ina da amsa a aljihuna, amma an ɗaure mini baki. Kwana arba'in ɗin nan sun yi mini nauyi ƙwarai.

Ga abin da ya faru. Wata biyu kafin rasuwarsa ya ce in raka shi Salaga ziyarar kabarin iyaye. Muka yi ziyara, sai ya ja ni kasuwa, wajen wata yarinya mai kayan kwalliya, ya nuna sabulun Zuleha ya tambayi kuɗinsa. Yarinyar ba ta san shi ba, ko kaɗan. Da ta ga yana juya sabulun yana sansana, sai ta ɗauko waya ta ce, Baba, kalli mai yin sa, ba ta ƙarya. Ya karɓi wayar ya kalli 'yarsa tana magana tun daga farko har ƙarshe. Ya ce a sake masa. Sannan ya sayi guda uku.

A mota ya yage takardun ya cusa a aljihuna. Na tambaye shi dalili, ya ce alƙali ba ya shari'ar 'yarsa, idan Hajiya ta ga sunan, ko toka ce za ta ce ta yi. Hajiya, kin tuna sabulun nan mara takarda da ya kawo, ya ce tsarabar Salaga ce? Kin yi wanka da shi, kin wanke jikoki, kin wanke farar rigarsa ta Juma'a. Da sati uku suka cika kika ce masa, Alhaji, in ka sake zuwa Salaga ka ƙaro irin wannan, ba ya busar da fata. Ba ki san hukunci kika yanke ba. Na Zuleha ne.

Washegari ya zo shagona da babbar riga, irin wadda yake sawa gaban kyamara. Ya ce in sauko da tsohuwar rikoda. Na ce ga waya, ta fi sauƙi. Ya ce shi bai san inda murya ke zuwa a cikin waya ba, kaset yake so, abin da zai riƙe a hannu. Numfashinsa ya riga ya yi gajere, sai da muka ɗauka sau biyar, bai yarda da huɗun farko ba. Niyyarsa ya kai Bawku da kansa bayan ya ɗan ji ƙarfi. Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni ya ce, "A gaban mutane na kunyata ta. In ban tashi ba, ka jira ranar da mutane suka taru."

To ga mutane sun taru. Ga kaset ɗin. Nazif, zo ka riƙe wa ƙanwarka hannu.

Za mu saka shi bayan addu'a, ku ji da kunnenku, bai kai minti ɗaya ba. Amma ni aka ba amana, don haka zan faɗi ƙarshensa da bakina. Ya yi gaisuwa da harsuna uku kamar yadda ya saba. Ya faɗi sunan sabulun da inda ake samunsa. Sannan ya ce: "Na saya, na gwada, uwargida ta yarda. Mai yin sa kuwa 'Yar Baba Talla ce."

Zuleha, ya mayar miki. Tun kafin ya kwanta ya mayar miki.

Hajiya, Allah ya ba ki haƙurin zama da ɗakin da ya yi shiru. Nazif, gida ya dawo wuyanka, ka riƙe uwarka da kyau. A madadin iyali ina godiya ga Sarkin Zango da malamai, da matan da suka kwana biyu a bakin murhu, da duk wanda ya baro Salaga da Bawku da Tamale saboda wannan rana. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, bawanka Wadud ɗan Sidiku ya zo gare ka. Mun shaida bai yaudare mu da harshensa ba. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sanya shi cikin masu gaskiya. Ka albarkaci abin da ya bari, ka sa albarka a hannun 'yarsa da sana'arta. Mu kuma idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Malam Liman, bisimilla. In an shafa, ni zan danna rikodar, wannan kam aikina ne.