Karenmu Ya Koma Ƙofar Ɗakin Jego

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Ni ce Hadiza daga Kausani.

Muna da kare, Duna, shekara huɗu yana gadin awakinmu, bai taɓa yi wa ɗan gida haushi ba. Tun da na haihu ya bar awakin, ya dawo ƙofar ɗakina ya kwanta. Ko tuwo aka zuba masa, sai ya sansana ya bari.

Ranar Talata maƙwabciyarmu Inna Laure ta shigo ɗaukar jaririyar, ya miƙe yana gurnani har ta ja da baya. Ta ce, "Hadiza, karen nan 'yarki yake hari, ku kore shi!" Surukata ta ce mata, "To, me ya sa ke kaɗai yake yi wa?" Tun ranar Inna Laure ba ta amsa gaisuwata.

Yanzu daga ita har karen ban yarda da kowa ba. Ko wanka zan shiga sai na kulle ɗaki. Masu sauraro, gadi yake yi ko fako? Maigidana ya ce ranar Juma'a zai bai wa mafarauta karen.