Gonar da Na'ura Ba Ta Gani Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Hamid. Mai girma wakilin perefe, mai mulkin gundumarmu. Masu gari da limamai. Shugabannin makiyaya da sunka taso tun daga Azagor. Iyayena manoma na Ajekoriya da Rumbu. Iyayena mata da ke zaune can ƙarƙashin rumfa. Jama'ar Dakoro baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya a bakin damina, kuma ina godiya gare ku da kunka bar aikinku kunka zo sauraren Suwaiba ɗiyar Mahamman, wadda da yawanku kun santa tun tana zuwa makarantar lakol da allo a hammata. Ni ce nake karanta muku labarin iska da ruwa a rediyo, da sunan 'yar ƙungiyarmu. Yau ba labari na kawo ba, bayani na kawo, da neman gafara.

Magana ta farko ita ce yadda na'urarmu ta hasashen iska da ruwa take aiki. Kun san mai shuka: ya yi taku, ya sara sungumi, ya ƙara taku, ya ƙara sara. Haka na'urar take bin ƙasa tana sara rami, a kowane rami ta lissafa daga ina iska za ta taso, da wane ƙarfi. Sai dai takunta ɗaya kilomita ashirin da biyar ne. Duk abin da ya faɗa tsakanin rami da rami, tudu ne, kwari ne, gari ne, ba ta san da zamansa ba.

Wannan na fara ganinsa lokacin karatuna, a wani ɗan tsibiri cikin teku, wato ƙasa ce da ruwa ya kewaye, faɗinta bai wuce kilomita takwas ba, da dutse a tsakiya. Na'ura ta tsallake tsibirin gaba ɗaya, ta ɗauka duk ruwa ne, ta ce iska tana wucewa sumul. Na nuna wa wani tsohon masunci takardar, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce: "Bayan dutsen nan ko kyandir ba ya mutuwa, amma a gefensa iska tana kifar da jirgi." Da munka rage takun ya koma kilomita biyu, sai ga tsibiri ya fito, sai ga iska ta rabu biyu tana matsewa a gefe, daidai yadda tsohon ya faɗa. Na rubuta wannan, aka ba ni takardar shaida a kansa. Sannan na dawo gida na manta da shi, domin a zatona inda babu teku babu tsibiri.

Magana ta biyu ita ce kuskurena. Mako uku da sunka wuce, bayan ruwan farko, na ce muku iskar yankin Rumbu za ta yi sauƙi, a yi shuka. Ga mafi yawanku haka ta kasance. Amma gonar Baba Jimrau, ga shi can zaune da farin rawani, tana tsakanin tudu biyu, inda iska ke matsewa ta fito da fushi. Gero ya tsiro, iska ta zo ta binne shi da yashi cikin yini ɗaya. Irin nan ba na kasuwa ba ne, shi mahaifinsu ya bar musu, kuma abin da ya rage yanzu tiya biyu ne, wato kwanon awo biyu, shuka ɗaya ke nan.

Na tafi har gida in ba shi haƙuri, ina tsammanin faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka kawo mani fura, sannan ya ce: "Ɗiyata, shekara arba'in ina noman wurin ga, na san iskatai. Ran nan ma na ga alama. Amma da na ji ki cikin rediyo, sai na ce mi ni sani, ga mai karatu ta yi magana." Jama'a, wallahi da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Ban binne masa gero kaɗai ba, na sa ya raina abin da ya sani.

Magana ta uku roƙo ce. Rage takun na'ura ba wasa ba ne: in an raba shi biyu, aikin yana ninkuwa wajen sau takwas, ordinatar ɗinmu kuwa, wato kwamfutar da ke yi mana lissafin, kun dai san ta, ko jaki ya fi ta sauri. Ba za mu iya matse takun a ƙasar Dakoro duka ba. Sai ku nuna mana inda ya kamata. Manomi ya ce ga mashigar iska, makiyayi ya ce ga kwarin da dabbobi ke fakewa, mu kafa sandar awo a wurin, mu matse takun a nan. Ba gonarku muke so ba, wurin kafa sanda ɗaya muke roƙo.

Yanzu, Baba Jimrau, kun tambaye ni a ƙofar shigowa ko ku fitar da tiya biyun nan. Mun kwana huɗu muna lissafin wurinku da takun kilomita biyu, kuma a karon farko tuddanku sun fito. Abin da na gani, iska mai ƙarfi za ta bi ta wurin ranar Laraba, bayanta ruwa. Shawarata ku jira Alhamis. Zan zo da kaina in bi bayanku ina zuba iri. Amma in gari ya waye Alhamis, kunka duba gabas, idonku ya faɗa muku wani abu daban da maganata, don Allah, Baba, ku bi idonku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare shuka daga iska, ya ƙosar da dabbobi, ya raya irin da iyaye sunka bari, ya maida kowa gidansa lafiya.

Na gode.