Motar Soja a Bayan Ɓauna

Da kyar na yarda na rubuta wannan, don ni saurare kawai na yi, ina sayar da wainar shinkafa a mashigin kogin Pampanga bayan yaƙi. Wani dattijo ya iso, ɓaunar noma na jan masa motar soja.

Wata tsohuwa mai jiran jirgin fito ta tuntsire da dariya. "Baba, mota ka sayo ko amalanke?"

"Mota ce, Iya, lafiyarta ƙalau. Tuƙin ne ban iya ba."

"Ikon Allah! To me ya kai ka?"

"Bara a kafaɗa muka ɗauko matata za mu asibiti, ta cika a hanya. Yanzu 'yata ce da tsohon ciki."

Tsohuwa ta shafa gefen motar. "Wa zai tuƙa?"

"Bari dai in kai ta gida tukuna."

"Kai namiji ne. Ungo ayaba, ba direban naka mai ƙaho."

Washegari na tashi yayana Doming, tsohon direban soja da ke zaman banza, na nuna masa sawun tayar motar dattijon, na ce ya bi.