Kwalekwale a Kan Busasshiyar Ƙasa

FELIX: Halo? Halo? Maman Albert?

JANET: Wa ke magana?

FELIX: Haba, Janet, ni ne mana. Felix.

JANET: Au, ashe ina da miji. Ina wuni?

FELIX: Lafiya lau. Ya gida? Ya Samaru?

JANET: Samaru tana nan inda ka bar ta.

FELIX: Ya yara? Albert ya warke daga tarin nan?

JANET: Ya warke, mun gode Allah. Ya baƙunta?

FELIX: Da godiya. Ya su Mama a Jushi? Kin leƙa su?

JANET: Na leƙa bayan zumuntar mata. Ita ma tambayar da take yi ke nan, wai taron irin gyaɗa ne aka tura ɗanta Senegal ko aure. Ejike da kuka tafi tare ya dawo, na gan shi da idona a kasuwar Sabon Gari yana taya matarsa zaɓen doya.

FELIX: Ai shi yana da uzuri ne. Ni kuwa wani malami da muka yi taron tare ya ce ba zan bar ƙasarsu ban ga bikin garinsu ba. Wani tsibiri ne, sai an shiga kwalekwale. Janet, ki ga kokawa! Ƙarti kamar bijimai, mata suna waƙa suna tafi...

JANET: Mata.

FELIX: Eh, da maza masu ganga.

JANET: Amma mata ka fara ambata.

FELIX: Kai, Janet! Wayata ba ta samun sabis a garin, shi ya sa kika ji ni shiru. Yanzu ma sai da na yi tafiya mai nisa cikin teku kafin na samu.

JANET: Cikin me?

FELIX: Teku.

JANET: Kana tsaye cikin teku kana waya. Felix, Manzo Bitrus ma da ya gwada tafiya a kan ruwa sai da ya fara nutsewa.

FELIX: Ba ki gane ba. Ruwan ne ya janye. Da safe ya cika har bakin gidaje, yanzu ya tafi can nesa, sai laka da yashi iyakar ganinki.

JANET: Ya tafi. Ya tafi ina? Kasuwa?

FELIX: Haka yake yi, mun karanta a makaranta ai. In ya janye sai matan garin su fito da kwanduna da cokula suna tonon kumba a cikin laka. Ƴan ƙanana masu nama a ciki, dangin waɗanda Mama Ukachi ke sayarwa a layin ƴan kifi. Har da ƙaguwa. Da su za a dafa shinkafar bikin yau. Ni ma na kusa cika bokiti.

JANET: Kai da ba ka taɓa tsince mani ko shinkafa ba. Wa ya ba ka bokitin?

FELIX: Wata... halo? Kina ji na?

JANET: Ina jin ka sarai. Wata wa?

FELIX: Wata baiwar Allah, ƙanwar mai masaukina. Ita ta nuna mani yadda ake gane ramin.

JANET: Ta nuna maka. Da hannunta ta kama naka ko daga nesa?

FELIX: Janet, ko yarenta ba na ji! Da hannu muke magana.

JANET: To, ka ji. Ruwa dai ba ya tsami banza. Tsaya. Wace ce wannan?

FELIX: Ina?

JANET: Ina jin muryar mace tana kiran sunanka. Felis, Felis. Har ta lanƙwasa shi.

FELIX: Su ne, matan. Sun kwashe kwandunansu sun koma wajen gari, suna ta ɗago mani hannu. Ina jin abinci ne ya nuna.

JANET: Kada ka kuskura ka amsa.

FELIX: Ai ba daɗi, ina baƙo...

JANET: Na ce kada ka amsa! Ni ka kira ko su? Tsaya nan inda kake har mu gama. Tun da ka tafi nake kwana da waya a hannu, ina jin kunyar mutane a coci, kowa sai ya ce ina Baban Albert. Na gaji, Felix. Raina ya ɓaci ƙwarai.

FELIX: Ki yi haƙuri. Na tsaya, ga ni. Na ma juya masu baya.

JANET: Faɗa mani abin da ke gabanka, ɗaya bayan ɗaya. In ɗakin otal kake zan gane.

FELIX: To. Ga laka. Ga tsuntsaye farare, yanzu suka tashi. Ga wani kwalekwale a kwance kan yashi, an ɗaure shi da igiya jikin turke. Ga... kai, takalmina ya jiƙe.

JANET: Sake faɗa.

FELIX: Takalmina...

JANET: Ba shi ba. Kwalekwalen. Yana kan busasshiyar ƙasa?

FELIX: Eh.

JANET: Kuma a ɗaure?

FELIX: Da doguwar igiya.

JANET: Akuya ne da zai gudu? Wa ke ɗaure kwalekwale a kan ƙasa in ba ya san ruwa na zuwa ya ɗauke shi ba?

FELIX: Zai dawo mana, amma sun ce sai da yamma. Ina kallonsa can gaba, da sauran nisa.

JANET: To, yanzu safiya ce a wurinku? Kai kana kallon gaba. Ka manta yadda ambaliyar Kubanni ta cinye gonar Kawu Sati? Ta baya ta zagayo, yana tsaye yana kallon rafi. Juya!

FELIX: Kin ce kada in...

JANET: Juya, na ce!

FELIX: Yesu.

JANET: Mene ne?

FELIX: Hanyar da na biyo babu ita. Wani kwari da na tsallaka ɗazu ya cika, ruwa yana gudu a ciki. Janet, ya zagaye ni. Ya kawo idon sawu.

JANET: Wayyo ni! Ba don abinci suke kiran ka ba! Gudu!

FELIX: Laka tana riƙe ƙafa. Ban iya iyo ba, kin sani. Bari in ɗauki bokitin...

JANET: Bokitin uwar wa? Yar da shi! Je ka wajen kwalekwalen nan, kama igiyar!

FELIX: Ya yi nisa. Ya kawo gwiwa... da sanyi... halo?

JANET: Ina nan, ina nan, Baban Albert, ban tafi ba. Ubangiji ka yi mani rai, ni na tsayar da shi. Ka yi ihu! Amsa masu!

FELIX: Ga wata nan tana zuwa. Ta shigo ruwan har ƙugu, da doguwar sanda.

JANET: Wace?

FELIX: Ita ce. Mai bokitin. Tana miƙo mani hannu. Janet, in...

JANET: Tambayata kake yi? Kama ta! Kama hannunta da hannu biyu! Saki wayar, ka rungume ta in ta kama, kada ka sake ta ko me zai... Felix? Ka kama? Felix! Halo?