Kilishin da Bai Ga Rana Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatar da shiri, sannu da aiki. Sunana Lawal, kilishi nake yi a nan Daura.

Makon jiya na ji baƙonka yana cewa idan aka yi yaƙin nukiliya, ko wani ƙaton dutse ya yi aman wuta, hayaƙi da toka za su rufe rana shekara da shekaru, sanyi ya sauko, gero ya ƙi nuna. 'Yan majalisarmu ta hira a zaurena duk ta gero suke yi. Ni kuwa ta kilishina nake yi, don rana ce ke busar mini da nama.

Sai na ce bari in fara shiri da wuri, in gwada shanya babu rana. Na yanka cinyar bijimi falle-falle, na shanya cikin zaure, na ja ƙofa na rufe. Kwana biyu, Malam, wari ya kai bakin titi! Maƙwabcina Malam Idi ya leƙo, hannu a hanci, ya ce, "Haba Lawal! Su can ba su harba komai ba, kai ka fara gamawa da mu?"

Nama dai ya tafi bola. Da kullum cikin tsaki nake da zafin garin nan. Yanzu in rana ta ƙwalle, sai in share gumi in ce Alhamdulillahi.

Don Allah a tambayo mini baƙon, akwai dabarar busar da nama babu rana? In babu, a gaya wa masu makaman nan su dakata, akwai masu shanya a Daura.

Ina gaida Malam Idi. A ce ya dawo hira, an wanke zauren.