Akuyar Ladi da Takardun Lauya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana na wannan majami'a ta Tasawa. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Rahila, matar marigayi Ayuba maɗinki. Waɗanda suka san ni kuwa sun san ba ni da sanyin baki, kuma ba ni da sanyin zuciya. Fasto ya ba ni minti goma. Ku yi mani haƙuri in na wuce, don shekara guda cur zan zazzage a gabanku.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fidda kai ba, wadda bayanta sojoji suka sake karɓar mulki a Yamai, ita ce shekarar da Ayuba ya rasu. Ciwon kwana shida ya yi. Ya bar mani keken ɗinki, da ɗiya guda, Ladi, mai shekara uku da 'yan watanni, da wata akuya mai farin goshi da ya saya mata a kasuwar Baudeta. Kyalla muke ce wa akuyar. Ladi ba ta shan fura sai ta fara leƙa turken Kyalla.

Yayan Ayuba, Malam Habu, manomi ne a Kanan Bakashe. Musulmi ne kamar sauran danginsu, amma bai taɓa juya wa ƙanensa baya ba. Da shi aka haƙa kabari. Da aka share makoki ya kira ni ya ce, "Rahila, rumbunki babu komi. Ni ina da ɗan saura. Bari in tahi da yarinyag ga ta sha hura cikin 'yan'uwanta, har ki samu kanki."

Ɗiyar fari ce. Iyaye mata, kun san kunyar ɗan fari. Ta yaya zan buɗe baki a gaban surukai in ce ba ni iya kwana ba ita? Na sunkuyar da kai na ce, "To, Yaya." Ta bayan danga na kalli amalanken yana tafiya da ita.

Wata huɗu na daure. Sannan na aika wani ɗan kabu-kabu da saƙo cewa a ba shi yarinya ya kawo mani. Ya dawo shi kaɗai a kan babur ɗinsa, ya ce Malam Habu ya ce ba yanzu ba, kuma ba ta haka ba.

Jama'a, wuta ta kama ni! Ban nemi shawarar Fasto ba, ban nemi ta dattawa ba, ban ko durƙusa na tambayi Ubangiji ba. Wata maƙwabciya ta ce in kai shi gidan shari'a, kuma akwai lauya a Maraɗi da ba a taɓa kayar da shi ba. Washegari ina cikin mota.

Ba zan kira sunansa ba. Metir ake ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane lauya. Ya saurare ni yana kaɗa alƙalami, ya ce wannan magana ce ta wata guda, kuɗinsa jikka ɗari biyu. Na sayar da keken Ayuba jikka sittin na kai masa, sakatarensa ya rubuta mani resi, ɗan guntun takardar shaidar biya. Suka karɓi takardar haihuwar Ladi da takardar aurenmu suka sa cikin dosiye, jakar takardun ƙarata. Metir ya ce, "Sauran ki riƙa kawo abin da ya samu."

To ni 'yar ƙauye ce. A wurinmu in kana da magana gaban babban mutum, ba ka miƙa masa abu ka ce ga ladanka. Rashin kunya ne. Sai ka kai ƙofar gidansa ka ajiye, ka ce gaisuwa ce, shi ya san lissafinsa. Neman takarda a kan haka kuwa zagi ne.

Haka na yi. Na kai zabi shida gidan Metir, na ce da maigadi, "Gaisuwa ce." Na koma da tukunyar tagulla ta mahaifiyata. Ranar da babu sauran abin kaiwa, na kwance Kyalla da ɗanta na ɗora su a mota. Tun daga Tasawa har Maraɗi tana kuka, ni kuma ina ce wa kaina ai mai ita zan karɓo.

Saura abin da ya fi mani nauyin faɗa. A lokacin ni ke riƙe da makullin ɗakin hatsin zumuntar mata, wanda muka tara tiya-tiya don gwauraye da marayu. Na buɗe na ɗauki buhu biyu. Ban ce aro ba, ban gaya wa kowa ba. Sata na yi, 'yan'uwa, kuma ranar Lahadi na zo na tsaya a wancan layin ina waƙa.

A Mayahi aka sa shari'ar, tunda can ne yankin su Malam Habu. Zama na farko, Metir bai zo ba, aka ɗage. Zama na biyu, bai zo ba, aka sake ɗagewa. Duk biyun na hangi Malam Habu zaune a gindin itacen bedi da takardar sammaci a hannu. Ya rame. Na kau da kai, ban gaishe shi ba.

Na tafi Maraɗi ina huci. Na ce, "Metir, sau biyu ina shan rana a Mayahi, ba ka zo ba."

Ya ce, "Madam, mota ba ta tafiya da ruwa. Jikka sittin kika biya. Saura ɗari da arba'in, ban da kuɗin hanya."

Na ce, "Akuyar fa? Da ɗanta? Buhu biyu na hatsi, a wannan shekarar? Zabi? Tukunya?"

Ya kira maigadi ya tambaye shi me na ce ranar da na kawo su. Maigadi ya dubi ƙasa ya ce, "Cewa ta yi gaisuwa ce."

Metir ya ware hannuwa. "Kin ji. Na gode da gaisuwa. Ina resi?"

Na ce to ya ba ni takarduna in nemi wani. Ya ce dosiye ba ya fita biro ɗinsa, wato ofishinsa, sai an cika kuɗi. Na zazzaga masa abin da ba zan maimaita a gidan Allah ba, har masu shaguna suka fito kallo. Maigadin da na sha gaisarwa shi ya fitar da ni.

Daga ranar na daina addu'a. In na rufe ido fuskar Metir nake gani, ina roƙa masa makanta. Abinci ya fita raina. Ba ɗiya, ba keke, ba akuya, ba takarda, ga bashi a wuya, ga sata a ciki tana cina.

Tsakiyar damina, lokacin da yunwa ta fi tsanani, Mama Hannatu matar Fasto ta ce a buɗe ɗakin hatsi a raba. Da hantsi ne. Gwauraye sun yi layi da kwanoninsu, wasunku suna zaune nan yanzu. Na sa makulli na buɗe. Mama Hannatu ta ƙirga buhuna, ta sake ƙirgawa, ta dube ni.

Na faɗi a daidai gurbin buhunan nan biyu, na fasa kuka na ce, "Yesu, ni ce! Ni na ɗauka! Na ci abincin marayu don in karɓo marainiyata, ga shi ban samu ko ɗaya ba. Na gaji da wayona. In ka ga dama ka ɗaga ni, in ba ka ɗaga ni ba, ba mai ɗaga ni."

Na zaci za a yi mani ihu. Sai na ji hannuwa a bayana. Matan da na ci wa rabo su suka ajiye kwanoni suka kewaye ni suna addu'a. Wani abu mai nauyi da ya danne mani ƙirji tun rasuwar Ayuba ya sauka. Halleluya!

Da na natsu, Mama Hannatu ta share mani fuska da gefen zanenta ta ce, "Ɗiyata, tambaya guda. Tun da aka tahi da yarinyar, kin taka da ƙahwarki kin gai da yayan mijinki?"

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Mutumin takarda na kai wa gaisuwa, mutumin gaisuwa kuma na aika masa takarda.

Ranar nan Mushe Yohanna, kamar yadda muke kiran malaman boko, tsohon malamin lekol, ya zaunar da ni ya rubuta ƙarata da Faransanci zuwa ga shugaban lauyoyi a Yamai. Ashe akwai inda ake kai ƙarar lauya, ban sani ba. Bayan wata uku amsa ta zo: Metir ya mayar mani da takarduna, kuma kada ya ƙara neman ko dala, tunda bai halarci zama ba. Abin da na kai ba resi kuwa, sun ce ba su da hanyar ƙirga shi. Ya tafi ke nan.

Amma ban jira amsar ba. Kwana uku bayan addu'ar na kama hanyar Kanan Bakashe da goro biyar a ƙulle a bakin zane. Na yi sallama, na durƙusa a zaure na ce, "Yaya, na zo gaisuwa. Na yi laihi."

Malam Habu ya dube ni. Sannan ya ce, "Rahila, ɗiyar ƙanena ce, ba buhun gawayi ba, da za a aiko ɗan kabu-kabu ya ɗauka. Ke nika jira. Sai ga sammaci." Ya share ido da hannun riga. "Zuwa Mayahi sau biyu, tiya goma na saida na hatsin yara. Autana ya rasu watan jiya. Ban ce ke ce ba, kwana ne ya ƙare. Amma tiya goma, tiya goma ce."

Wayyo ni! Shari'ar da na tayar don ɗiyata, daga kwanon ɗiyata ta ci, da kwanon yaron da ba shi da laifin komai. Wannan zan tafi da shi har kabari.

Aka fito da Ladi. Wuyanta ya yi tsawo, gashinta ya yi ja. Ta dube ni, ta ɓuya bayan matar Malam Habu tana ce mata Inna. Kwana huɗu na yi a gidan kafin ta yarda ta karɓi fura daga hannuna. Malam Habu da kansa ya ɗaura jaki ya kai mu bakin titi, bai nemi sa hannu a kan komai ba.

Da muka shiga gida ba ta dubi ɗaki ba, ba ta dube ni ba. Ta zare hannunta daga nawa, ta ruga bayan rumbu, ta tsaya a gaban turke. Igiyar na nan inda na bar ta.

Ta juyo ta ce, "Inna, ina Kyalla?"

Ranar ce ta fara kirana Inna tun da muka rabu. Na zauna a ƙasa na rungume ta muka yi ta kuka.

Buhu biyun nan na biya su tiya-tiya, kaka uku. Metir na yafe masa, ko da yake sai da na yi ta maimaita yafewar kafin ta zauna. Malam Habu kuwa duk Salla ina zuwa gaishe shi da ƙafata.

Na gode wa Yesu da bai bar ni a ƙasan ɗakin hatsin nan ba. Na gode wa matan da suka ajiye kwanoninsu. Kai da ke zaune da wuta a ciki, ke da ke shirin kama hanyar Maraɗi, ku fara durƙusawa ku tambaye shi. Ku dogara gare shi, yana ji. In kuma dole sai kun je wurin lauya, ko kaza kuka kai, ku karɓi resi.

Ladi, tashi tsaye su gan ki. Ga ta nan, 'yan'uwa. Turken har yau ban tuge shi ba.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji. Amin.