Tambayar da Ba a Yi wa Matar Tiwari Ba

A ɗakin awon ciki na wani asibiti a garin Dumka, Sonamuni, 'yar ƙabilar Santal da ake yi wa kallon mashaya giya, ta zauna tana huci kusa da wata mai ciki, matar wani ɗan babban gida mai suna Tiwari.

"Daga ganin sunana nas ta ce, 'Giyar shinkafa kofi nawa kike sha?' Ni da ko warinta ba na so!"

Matar ta ƙyalƙyale da dariya, haƙoranta jawur. "Ni kuwa, 'yar'uwa, kullum taba na bakina. Na kasa bari, ga cikin ba ya girma. Ba a taɓa tambayata ba."

"Ke ba ki faɗa ba?"

"'Yar babban gida? Da wane bakin?"

Sonamuni ta kamo hannunta. "Tashi mu shiga tare. In nas ɗin ta sake tambayata, ke za ki amsa da zancen tabarki."